Gyaran Gida Kafin Damina a Marwa, Garwa da Kusiri: Daga Gindin Bango Har Bakin Rijiya

Yawancin gidajen da ke faɗuwa a garuruwanmu na arewacin Kamaru cikin watan Agusta ba ruwan daren nan kaɗai ne ya kayar da su ba. Shekara da shekaru ruwa ke kwana a gindin bango yana cin ƙasa kaɗan-kaɗan, har ranar da aka yi ruwan kwana biyu a jere, bangon ya rasa abin da zai tsaya a kai. Abin da ya fi ciwo shi ne da dare abin ya fi faruwa, lokacin da yara ke barci a jikin bangon. Saboda haka wannan gyara daga ƙasa zai fara, ya hau rufi, sannan ya dawo kan masai da rijiya da wuta.

Lokacin aikin tsakanin Fabrairu da ƙarshen Afrilu ne. A Garwa ruwa kan fara da wuri, a Marwa da Kusiri kuwa sai wajen Yuni yake kankama. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu, yaɓensa ba zai bushe ba, magini kuma zai yi masa wuyar samu domin kowa na nemansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko, san ƙasar da gidanka ke kai

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, je ka zauna da dattawan unguwa ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a manyan shekarun ambaliya. A 2012 Binuwai ya cika ya batse, aka saki ruwan madatsar Lagdo, unguwannin Garwa na bakin kogi suka sha ruwa, a wannan shekarar kuma mutanen Maga suka kwana cikin fargabar ɓallewar madatsarsu. A 2022 kogunan Lagon da Shari sun mamaye sassan Kusiri da unguwannin Waliya da Tukra a ƙetaren Njamena. A 2024 Yagwa ta sha, a Chadi kuwa mutum fiye da 500 suka rasu. Idan dattijo ya nuna maka jikin bishiya ko katangar masallaci ya ce nan ruwa ya kai, ɗauki wannan tsayin ka zana shi a bangon gidanka da gawayi. Duk abin da za ka yi nan gaba, daga bakin masai zuwa wayar wuta, da wannan zanen za ka auna shi.

Sannan dubi irin ƙasar. Da yawa daga cikin sababbin unguwanni an yanka su ne a kan karal, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a cikinta. Da rani tana tsagewa har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Gidan da ke kanta kullum cikin motsi yake: ƙasa ta ɗaga shi a Agusta, ta sake shi a Maris. Tsagewar irin wannan gida daga ƙarƙashi take tasowa, don haka shafe ta da siminti ba ya warkar da ita. A bakin Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga a Marwa kuma matsalar daban ce. Yashi ne, kuma mayon, wato kogin, da ka gani a bushe yara na ƙwallo a cikinsa yana iya cika cikin 'yan awoyi idan an yi ruwa a duwatsun Mandara, ya riƙa zaftare gaɓa daga ƙasa. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta hana gini a wuraren da ke fuskantar ambaliya da zaftarewar ƙasa. Idan ɗakinka na baya bai wuce taku kaɗan daga gaɓar mayo ba, mayar da shi ɗakin ajiya, kowa ya daina kwana a ciki.

Bi ruwa da ƙafarka

Mutane kan raina yawan ruwan da rufi ke zubarwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗaki biyu masu rufin murabba'in mita 40, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 2,000 ke nan, wato duro goma, kuma duk a gindin bango suke sauka idan ba a yi musu hanya ba.

Ɗauki bokiti biyu ko uku na ruwa ka zuba a tsakar gida, daidai inda kwano ke ɗiga, ka tsaya ka ga inda ya nufa. Idan ya koma wajen bango ko ya kwanta, ga aikinka na farko. Kawo burji ko jar ƙasa ka cike gindin bango, ka daɓe sosai, ya zama gangare mai saukowa daga bango zuwa tsakar gida, kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace mita. Dakalin da aka jingina da bango shi ma a duba shi: idan samansa ya karkata zuwa bango, ruwa yake tara masa, gara a gyara karkatar ko a fasa shi.

Daga nan bi ruwan har rariyar da yake fita. Yawancin rariyoyinmu ƙanana ne, leda ɗaya ta isa ta toshe su. Faɗaɗa ta, ka gina bakinta da bulo da siminti domin ruwa ya daina lasar ƙasar katanga, ka sa ragar ƙarfe mai faɗin ido wadda za a iya cirewa a share. Fita waje ka ga inda ruwan ke zuwa. Sau da yawa titi ya fi tsakar gida tudu, domin kowace shekara ana zuba ƙasa da shara a kansa, sai ruwan titi ya riƙa shigowa ta rariyar da aka yi don ya fita. A irin wannan hali sai an ɗaga tsakar gida da bakin ƙofa, ko kuma 'yan layi su haɗu su yashe kwata har inda take zubewa. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma nan ne jauro ko lawan, masu unguwa, ke da amfani. Ruwan wanke-wanke da na alwala da uwargida da yara ke zubarwa kullum a wuri ɗaya kusa da bango shi ma yana cikin lissafi. A kan karal, jiƙa kusurwa ɗaya alhali sauran gida na bushe shi ke karkatar da gini.

Karanta bango

Zagaya gidan ciki da waje, da wuƙa ko ƙaramin ƙarfe a hannu. Fara da tsayin gwiwa zuwa ƙasa. Inda ka ga gindin bango ya rame, ya shige ciki fiye da samansa, ko farin gishiri ya fito, ko ƙasa na zuba da ka taɓa, to wurin ya ciwu. Idan ramewar ta kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, wannan bango yana cikin haɗari ko da samansa sumul yake.

Gyaransa yana buƙatar haƙuri, kuma a nan ne maginan da kansu ke jin rauni. Kada a tone gindin bango gaba ɗaya lokaci guda. A tokare shi da itace, a buɗe kamar mita ɗaya, a cire ruɓaɓɓiyar ƙasa, a cike da dutse ko gasasshen bulo da kwaɓin siminti, a tsallake mita ɗaya a yi na gaba. Sai waɗanda aka cike sun yi ƙarfi a dawo kan waɗanda aka tsallake. A kai sabon gindin aƙalla santimita 40 zuwa 50 sama da ƙasa, fiye da haka idan zanen gawayinka ya wuce nan.

Tsagewa kuwa iri-iri ce. Sirara masu kama da gashi a fuskar yaɓe ba abin tashin hankali ba ne. Waɗanda ake tsoro su ne: wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, wadda ke bin layin bulo hawa-hawa, wadda ta raba bango biyu a kusurwar ɗaki har kana hango haske, da wadda ta kwanta a tsawon bango kusa da ƙasa. Duk tsagewar da ɗan yatsa ke shiga, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya, ta wuce aikin shafe.

Domin sanin ko tana ci gaba, kwaɓa ɗan siminti ka manna a kanta kamar faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan bayan mako biyu ko uku mannin ya tsage, ginin na motsi. Haka kuma ɗaure dutse a igiya ka sake shi daga saman bango. Idan bango mai tsayin mita uku ya kauce wa igiyar da faɗin yatsu uku ko huɗu, a sauke shi da hannu tun kafin ya sauko da kansa. Ƙofar da a da take rufuwa lafiya, yanzu sai an ɗaga ta, ita ma shaida ce.

Katangar da ke tsakaninka da maƙwabci ta fi kowace zama marainiya, domin kowa na ganin ta ɗayan ce, kuma a inuwarta yara ke wasa, a gindinta ake girki. Doguwar katanga ba ta da rufin da zai riƙe ta, don haka tana buƙatar ginshiƙi duk bayan mita uku ko makamancin haka. Je ka sami maƙwabcin da kanka bayan sallar la'asar ka ce, "Alhaji, katangar nan tamu ta fara sunkuyawa wajenku, kuma jikokinka a nan suke yini. Ni zan kawo bulo, kai ka ɗauki magini." Maganar da aka fara da abin da kai za ka bayar ba ta cika zama rigima ba. Ɗan haya kuma ya ɗauki hoton tsagewar ya nuna wa mai gida tun rani, ya nemi a yi gyaran a cire daga kuɗin haya.

Siminti a kan bangon ƙasa

Wannan ya zama ado a unguwanninmu, kuma ina ganin ya ɓoye haɗari fiye da yadda ya kawar. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya bin ta. Bayan shekara biyu ko uku sai ya rabu da bangon, ruwa ya shiga ta sama ko ta wata 'yar tsaga, ya rasa hanyar fita. Daga waje gida fes, a ciki tubali ya zama taɓo. Ƙwanƙwasa shafen da bayan wuƙa. Inda ya yi ƙarar fanko, ɓamɓare shi ka ga abin da ke baya.

Idan dole sai siminti, a buga ragar waya a jikin bangon da dogayen ƙusoshi kafin a shafa, a rufe saman bangon yadda ruwa ba zai shiga tsakani ba, a kuma toshe kowace tsaga kowace shekara. In ba haka ba, yaɓen gargajiya na ƙasa da ciyawa da kashin shanu da aka bari ya ruɓa, a bi shi da makuba inda ake samun ɗorawa, ya fi aminci, domin lalacewarsa a fili take, kana gani ka gyara. Bangon gabas ya fi buƙatar kulawa, ta nan hadarinmu ya fi tasowa.

Rufi

Iskar farkon damina ce ke kwashe kwano, kuma ba kwanon ke da laifi ba, ɗaurin katakon ne. Hau ka duba ko an ɗaure katakon rufi da bango da ƙaramin rodi ko waya mai kauri wadda ta sauka layi uku ko huɗu cikin gini. Idan ɗora shi kawai aka yi, kira kafinta ya huda bango ya ɗaure. Duwatsu da tsofaffin bulo da ake jerawa a kan kwano a sauke su, domin ranar da iska ta fi ƙarfinsu a kan mutane suke faɗowa. A sauya ƙusoshin da suka saki, a ƙara wasu a gefuna da kusurwoyi inda iska ke fara kamawa. Bakin kwano ya zarce bango da kamar rabin mita.

Mai ɗakin soro ya soka wuƙa a kan azara, daidai inda ta shiga bango, nan gara ke ci ba a gani. Kada a yi ta ƙara ƙasa a kan rufin kowace shekara ba tare da kankare tsohuwa ba, nauyin na ƙaruwa sosai idan ta jiƙe. A share indararo, a tabbata ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. Reshen darbejiyar da ya rataya a kan ɗaki a sare shi.

Ga mai sabon gini ko mai son ɗora bene

A Yulin 2023 bene ya rushe a Duwala ya kashe mutum fiye da 30, ba a daɗe ba wani ya faɗi a Ngaundare. Kankare ba ya yafe ha'inci. Na ginshiƙi da dakin (rufin kankare) ana kwaɓa shi da buhu bakwai na kilo 50 a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi), wanda a wurin aiki yake nufin buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Yashin mayo a wanke shi ko a tace idan da laka a ciki. Bulo mai kaurin santimita 15 kada buhu ya fitar da fiye da 30 zuwa 35. Bulon da ka murza da yatsa ya zube, mayar wa mai shi. A zafin Maris da Afrilu kankare kan bushe kafin ya nuna, don haka a shayar da shi safe da yamma har mako guda, kada a cire katakon da ke tallafe dakin kafin mako uku, cikakken ƙarfinsa kuwa sai kwana 28.

Harsashin da aka yi don gidan da ba bene ba ba ya ɗaukar bene don kawai kuɗi sun samu. Nemi injiniya ya duba, ka karɓi takardar izinin gini a meri, wato ofishin magajin gari. Ka tsaya a wurin ranar zuba kankare, ko ka tsayar da wanda ka amince da shi yana ƙirga buhu.

Masai da rijiya

A nan ne gini ke haɗuwa da ciwo. Kwalarar 2010 ta kashe ɗaruruwan mutane a jihar Arewa Mai Nisa, kuma hanyarta ba ɓoyayya ba ce: ruwa ya cika masai, masai ya malala ko ya tsiyaya ta ƙarƙashi, ya shiga rijiya.

Ka'idar masu aikin tsafta ita ce mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, masai ya kasance a gangare, kuma gindin ramin ya fi ruwan ƙarƙashin ƙasa tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi. A cikin gari filin mutane da yawa bai kai mita 30 ba, masan maƙwabci kuma yana bayan katanga. Idan haka gidanka yake, ɗauki ruwan rijiyar a matsayin na wanki da wanka. Na sha a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa bisa yadda aka rubuta a jikin fakitin, a jira rabin awa.

A kwashe masai tun rani idan ya kusa cika. A duba murfin kankaren: ya zauna a kan ƙasa mai ƙarfi da ta wuce bakin rami, ba a kan gaɓar da ke zaizayewa ba. Idan itace ne aka shimfiɗa aka yaɓe, a duba gara. A yashi da karal sai an gina cikin ramin da bulo, aƙalla mita ta sama, in ba haka ba wata rana yana iya ruftawa da mutum a kai. A ɗaga bakinsa sama da zanen ambaliya, a yi masa matakala, a rufe ramin da murfi. Kada a zuba fetur ko kananzir a ciki don kashe wari, kada a kunna ashana a bakinsa, iskar da ke ciki tana kamawa da wuta.

Rijiya a gina mata baki mai tsayin ƙugun babba, a yi mata murfi mai kulle saboda yara, a daɓe kewayenta da siminti kamar mita ɗaya da rabi mai gangarowa waje, guga ɗaya kuma a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa. Mai yasar rijiya ya shiga da igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe a sama. Kada a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rijiya. Idan wanda ke ciki ya yi shiru, kada kowa ya bi shi haka nan. Iskar da ta sumar da shi za ta sumar da na biyu da na uku, haka ake rasa 'yan gida ɗaya a rami ɗaya. A jawo shi da igiya, a kira 'yan kwana-kwana a 118.

Wuta

Kira mai gyaran wuta ya ɗaga soket-soket sama da zanen gawayi, ya cire wayoyin da aka haɗa da leda, ya raba waya da jikin kwano da ƙofar ƙarfe. Ya sa maka na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta fara bin jikin mutum, mai lamba 30 mA, ya kuma kafa sandar ƙarfen da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa. Kowane babba a gidan, har uwargida da manyan yara, ya san inda ake kashe wutar gida duka.

Janareta a waje yake zama, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, an yi masa 'yar rumfa. Ba a shigar da shi zaure ko baranda don ruwa ko don ɓarayi. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, haka ma na gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Ciwon kai da jiri da suka kama mutanen ɗaki gaba ɗaya alama ce, a fita waje nan take. Tukunyar gas a shafa ruwan sabulu a mahaɗarta, in ya yi kumfa tana yoyo, tiyon da ya tsattsage a sauya. Tagogi masu ƙarfen tsaro, aƙalla ɗaya a ɗakin kwana ta zama mai buɗuwa daga ciki.

Daren ruwa da bayansa

Tun yanzu ku yanke shawarar ɗakin da ya fi ƙarfi da gidan da za ku nufa idan ruwa ya shigo. Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa da takardar fili a sa su cikin leda a rataye a sama. A janye gado da tabarmar yara daga jikin bangon waje. Idan ana ruwa ka ji ƙasa na zubowa daga bango, ko katako na ƙara, ko ka ga danshi ya haura gwiwa a bangon ƙasa, fitar da kowa, kada a koma ɗaukar kaya. Kashe wuta kafin ruwa ya kai soket, kuma kada ka taɓa makunni kana tsaye cikin ruwa. Kada a ratsa mayo yana gudu, ko a ƙafa ko a babur.

Bayan ruwa ya janye kada a yi gaggawar komawa. Bangon ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa kwanaki bayan rana ta fito. A buɗe ƙofofi da tagogi, a tokare inda ake shakka, a sake gwajin igiya da dutse kafin kowa ya kwana. Mai kwashe ɓaraguzai ya sa takalmi mai rufi ya yi amfani da shebur, domin macizai da kunamu nan suke fakewa. Rijiyar da ambaliya ta shiga a kwashe ruwanta, a wanke ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta tare da ma'aikatan tsafta na meri ko na asibitin unguwa. Wanda gudawa mai ruwa-ruwa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi a hanya har a isa asibiti.